Wasiƙar Akawu: Rumbun Gayya na Masu Neman Ilmi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, gama wani malamin makaranta ya rubuto mini daga Shagari da wata tambaya, na duba kuwa na ga ciwon da ya ke kuka da shi ba nasa ba ne shi kaɗai. Malamai da akawuna da 'yan makarantun sama duk suna fama da shi.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Shi da 'yan'uwansa malamai suna da zaure guda a WhatsApp. Kowa ya tsinci wani abu mai amfani a intanet, ko taswira, ko tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ko wani kyakkyawan bayani a kan lissafi, sai ya jefa adireshinsa cikin zauren don kowa ya amfana. Bayan wata biyu in bukata ta taso, a nema sama da ƙasa, abu ya ɓace. Wanda ya jefa ya manta sunansa, wanda ya buɗe ya canja waya. Sai kowa ya sake sayen data ya koma nema daga fari, kamar ba a taɓa shan wahalar ba. Ya ce, shin akwai dabara?

Akwai, malam. Amma bari mu fara gane inda ciwon ya ke. Zauren hira kamar rafi ya ke, abin da ka jefa yau gobe ya yi gaba. Gaisuwar safe ta bi ta kansa, sanarwar suna da ta ɗaurin aure su bi, ta'aziyya ta bi, kafin mako ya zagayo an binne shi. Mu akawuna abu na fari da a ke koya mana ran da muka kama aiki shi ne, takardar da ba a shigar da ita cikin rajista ba daidai ta ke da wadda ba ta zo ba. A ba ta lamba, a rubuta inda ta fito da abin da ta ƙunsa, sa'an nan a sa ta cikin fayil ɗin da ya dace da ita. Ofishin da a ke tara takardu cikin kwando ɗaya, ko da babu wadda ta salwanta, ran da maigida ya ce a kawo ta wane, akawu zai sha zufa. To, zaurenku kwando ne. Abin da ku ke bukata rajista ce ta tarayya, wadda kowa zai iya rubutawa a ciki, kowa kuma zai iya dubawa.

An daɗe da ƙago irin wannan rajista a intanet. A 2003 wani mutumin Amurka, Joshua Schachter, ya buɗe wani shafi da aka sani da suna Delicious. Shi ma irin ciwon nan ne ya dame shi. Ya tara dubban adireshi cikin takarda ɗaya a kwamfutarsa har ya kasa gane na wane ne na wane, sai ya shiga rubuta kalma guda a gefen kowanne don ta tuna masa da abin da ke ciki. Wannan kalma ita za mu kira laƙabi. Daga baya ya buɗe wa jama'a ƙofa. Ka ga shafin da ya gamshe ka, ka danna, adireshinsa ya tafi ya zauna a rumbun kamfani, inda lalacewar wayarka ba za ta taɓa shi ba. Ka sa masa laƙabi ɗaya ko uku, misali “taswira”, “Sakkwato”, “aji biyar”. Ran da ka ke nema sai ka kira laƙabin, duk abin da ke ɗauke da shi ya fito. Abin da ya fi wannan daɗi, kana ganin abin da waɗansu suka ajiye ƙarƙashin laƙabin nan, su ma suna ganin naka. Watau gayya ke nan. Kowa ya nome kunyarsa, amfanin gona kuwa ya shiga rumbu ɗaya.

A laburare ba haka a ke yi ba. Can ma'aikaci ne wanda ya koyi aikin ya ke ba kowane littafi lamba, galibi bisa tsarin da Melvil Dewey ya fito da shi a 1876, littafi kuma ba ya zama a kanta biyu. A nan kuwa masu karatu ne da kansu ke raɗa suna, abu ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi biyar. Sauƙinsa ke nan, matsalarsa ma ke nan, za mu zo kanta.

Da masu bincike suka ga amfanin abin, sai aka yi musu nasu. CiteULike da Connotea sun fito a 2004. Diigo ya fito a 2006, shi yana barin mutum ya ja layi a kan shafi ya kuma manna ɗan bayani a gefe, abokan ƙungiyarsa su gani. A wannan shekara kuma Jami'ar George Mason ta Amurka ta fito da Zotero, kyauta. Shi Zotero in ka nuna masa littafi ko maƙala, sai ya kwashe sunan mawallafi da sunan littafin da shekara da maɗaba'a ya jera su da kansa, kuma mutane da yawa suna iya haɗuwa su buɗe taska guda a ciki.

Kada mai karatu ya ce wannan baƙon abu ne da ba mu gada ba. Wanda ya tashi daga Sakkwato ya nufi Shagari, lalle ya ratsa Boɗinga ya bi ta gefen Sifawa, ko da ya ke direbobi ba su kan tsaya su ba fasinja labari ba. Wajen 1810 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, bai bar ta ba sai 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna nan Boɗinga kusa da shi. A shekarun nan malamai da almajirai suka yi ta tururuwa zuwa wannan yanki, a na karatu a na rubutu. Babu injin buga littafi, kome da hannu a ke kwafa, takarda kuwa sai an tsallako da ita Hamada. Littattafan ba a ɗinke su ke ba, warƙa-warƙa ne cikin tadarishi, a sa cikin gafaka. Saboda haka littafi ɗaya yana iya rabuwa hannun almajirai da dama a lokaci guda, wannan na kwafar farko, wancan na kwafar tsakiya. Don kada warƙoƙi su rikice, sai marubuci ya sa kalmar fari ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama. A gefen shafi da tsakanin layuka kuma malami ya kan rubuta ɗan sharhi, da Larabci ko Fulatanci ko Hausa, wanda ya ara bayansa ya karanta ya ƙara nasa. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafi a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ya ga irin wannan. Abin da Diigo ya ke yi da ɗan bayaninsa na gefe, hashiya ce, alƙalami kawai aka canja.

Amma akwai abin da ya fi wannan kusa da zancenmu. A 1812 Malam Abdullahi ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi. A ciki ya jera malaman da ya yi karatu wurinsu, kowane malami da littattafan da ya ɗauka a hannunsa. Ya ce Alƙur'ani wurin mahaifinsa ya karanta shi. Yana da shekara 13 aka miƙa shi ga wansa Shehu, ya karanta Ishiriniya da Ajurumiya da Ahalari da Risala da waɗansu da yawa. Buhari wurin Muhammadu ɗan Raji, waɗansu littattafan kuma wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ku duba fa, jama'a, bai tsaya ga jera sunayen littattafai ba, kowanne ya ɗaure shi da sunan wanda ya karantar da shi. Albarkacin wannan 'yar rajista, sa'ad da wani Bature masani, Mervyn Hiskett, ya buga ta da fassara a 1957, duniya ta san irin karatun da a ke yi a ƙasar nan tun kafin 1804. Malam Abdullahi ya rasu a 1829, yau kuwa babban laburaren Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sunansa ya ke ɗauke da shi.

Wannan shi ne abin da na ke so malaman Shagari su ɗauka, ya fi zaɓen kamfani muhimmanci nesa. Adireshi tsirara ba shi da amfani. Mutum ya ga kan magana ya yi masa kyau, bai karanta ba, ya jefa. Goma su yi haka, rumbu ya cika da ƙaiƙayi. Don haka ku kafa doka ɗaya: duk wanda zai ajiye abu, sai ya rubuta layi biyu a ƙarƙashinsa da sunansa. Ya faɗi ko ya karanta duka ko rabi, da ajin da abin ya dace da shi, da aibin da ya gani. Misali ya ce, “Na karanta duka. Ya yi wa aji shida daidai, amma taswirar tsohuwa ce, ba ta nuna jihar Zamfara ba.” Malamin da ya ga wannan ya san an zana ta kafin 1996, ya san abin da zai gyara wa yara kafin ya shiga aji, bai kashe ko kwabo wajen buɗe ta a banza ba. In kuwa bayani ya fito ƙarya, an san wanda za a tambaya. A da Delicious ya kan nuna yawan mutanen da suka ajiye kowane shafi, mutane kuwa su ruga ga wanda ya fi jama'a. Ni dai da in ga dubu sun ajiye abu ba su ce kome ba, gara in ga malami ɗaya da na san hankalinsa ya ce ya karanta.

Yanzu ga matsalar laƙabi da na yi alkawari. Na'ura ba ta da wayo, abin da ka rubuta shi ta sani. In wani ya sa “Sakkwato”, wani ya sa “Sokoto”, wani ya sa “Sakwato”, a wurinta garuruwa uku ne. Wannan rikici ba yau ya soma ba. Baturen nan Clapperton da ya zo wurin Sarkin Musulmi Bello a 1824, a kan littafin tafiyarsa ta fari an rubuta Sackatoo, a kan na biyu an rubuta Soccatoo. Sunan mahaifin Shehu kuwa za ka iske Fodiyo, da Fodio, da Foduye, da Fudi. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa, waɗanda rabin wayoyin jama'a ba a saita su a ciki ba. Ɗauki misali daga garinku, malam. Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, kafin a san zai shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948 don yara su riƙe labarin ƙasa da ka. In ku huɗu kuka tashi tara abin da aka rubuta a kanta, ɗaya zai sa “waƙa”, ɗaya “waka”, ɗaya “waƙoƙi”, na huɗu ya rubuta da Turanci. Ran nema sai kowa ya sami rubu'in abin da aka tara, ya ɗauka shi ke nan.

Maganinsa a zauna tun ran fari, kafin a ajiye ko abu ɗaya, a yarda da jerin laƙabi kamar ashirin ko talatin, a rubuta a manna a bangon ɗakin malamai. A yanke shawara ko da Hausa za a yi ko da Turanci, ko tilo ko jam'i, ko da lanƙwasa ko babu. Ni ra'ayina a yi da Hausa, da lanƙwasa, tun da sa haruffan a waya aikin minti biyar ne, kuma abin kunya ne malamin da ke cire wa yaro maki don ya rubuta “kasa” a madadin “ƙasa” shi ya kasa rubuta ta a wayarsa. Wanda ya ke son ƙara sabon laƙabi ya gaya wa sauran. A Zotero in an yi kuskure a na iya canja sunan laƙabi ya koma cikin ɗan'uwansa, duk abin da ke ƙarƙashinsu ya haɗu. Sai a ba mutum ɗaya wannan shara kowane ƙarshen wata.

Sai gargaɗi, kuma ina so a ji shi da kyau. Rumbun da ke gidan wani, ran da ya ga dama ya kan rushe shi. Kamfanin Yahoo ya sayi Delicious a 2005, ya sayar a 2011, ya yi ta canja hannu har 2017, sa'ad da aka daina karɓar sabuwar ajiya a ciki. An rufe Connotea a 2013, CiteULike a 2019. Pocket, wanda mutane da yawa suka dogara da shi wajen ajiye abin karantawa, an rufe shi a watan Yuli na 2025. Waɗanda suka ji sanarwa sun kwashe kayansu, waɗanda ba su ji ba sun yi hasara. Su kansu shafukan da a ke ajiye adireshinsu mutuwa su ke yi. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta ba da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke akwai a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Ga littafin Malam Abdullahi ya haura shekara ɗari biyu a na karanta shi, don almajirai sun yi ta kwafa, kwafi ya bazu gida-gida.

To, ku ma ku kwafa. Duk waɗannan kamfanoni masu mutunci suna da wurin da a ke dannawa a fitar da dukan ajiya cikin takarda ɗaya. Ku yi haka kowane ƙarshen zangon karatu, ku ajiye a hannun mutum biyu, in da hali ku buga a takarda ku sa a kabad ɗin hedimasta. Shafin da ya ke da daraja ƙwarai ku kai adireshinsa Wayback Machine, ma'ajiyar da ke ɗaukar hoton shafuka tana adanawa, ku ce ta ɗauka. Dalilin da ya sa na fi karkata ga Zotero ke nan, ga 'yan jami'a da 'yan kwalejin horon malamai. Yana ajiye kwafin taskar a cikin kwamfutarka, ko babu intanet kana iya buɗewa, abin da mu mutanen karkara muka san darajarsa. Jerin sunaye da bayanai ba ya biyan kuɗi kome yawansa, sai dai wurin ajiye manyan takardu ne aka ƙayyade na kyauta ga megabayit 300. Malaman firamare kuwa waɗanda waya kaɗai gare su, kada su wahalar da kansu. Takardar jadawali guda ta Google Sheets, mai gida biyar, adireshi da laƙabi da bayani da suna da kwanan wata, ta ishe su. Zauren WhatsApp a bar shi don hira, a kafe adireshin jadawalin a samansa.

Na san akwai masu ja. Wani dattijo zai ce ilmi a bakin malami a ke ɗaukarsa, yaro ya tara adireshi ɗari ya ɗauka ya zama malami. Gaskiyarsa, tari ba karatu ba ne, kuma na sha ganin samari masu ɗaruruwan littattafai a waya waɗanda ba su kai ƙarshen ko ɗaya ba. Dokar layi biyun nan don su aka yi ta, gama wanda bai karanta ba ba shi da abin rubutawa, kowa kuma zai gani. Har ma ina roƙon malaman zaure masu waya su shigo cikin abin. Su ne suka san bugun Risala mai kurakurai da wanda aka tace, su suka san karatun da aka ɗauka a murya na wane malami ne, ba a jingina wa wani ba.

Mai ja na biyu ba ya faɗin nasa a fili. Shi ne ɗalibin da ya sha wahala ya samo maƙala, yana tsoron in ya sa a rumbu abokinsa ya riga shi amfani da ita. Wannan rowa ce, kuma lissafinta bai fita ba. In ku goma ne, ka ba da ɗaya ka karɓi tara. Ban da haka rajista tana riƙe da sunanka da ranar da ka ajiye, shaida ce a gare ka cewa kai ka fara ganowa, abin da ɓoyo ba zai ba ka ba. Abin da na yarda a ɓoye daban ne. Sunayen yara da makinsu kada su shiga rumbun da kowa ke gani. Littafin da mai shi ke sayarwa a sa sunansa da inda a ke samunsa, kada a ɗora shi ɗungum. Tsohon rubutun hannu na gidan wani malami kuwa, ko an bar ka ka ɗauki hotonsa, sai ka sake neman izini kafin ka baza.

Saura magana ɗaya, ta mabuɗi. Malamin gwamnati ba shi da gari, yau yana Shagari, gobe takarda ta zo an mai da shi Yabo ko Tambuwal. In da sunansa da lambarsa aka buɗe rumbun, ya tafi da shi ke nan, ko da ba da mugun nufi ba. Saboda haka ku buɗe da adireshin imel na ƙungiya, mutum biyu su riƙe kalmar sirri, a rubuta ta a takarda a rufe cikin ambulan a ba hedimasta. Ran da ɗayansu zai tashi, a sa mabuɗin rumbu cikin takardar miƙa aiki, tare da rajistar aji da mabuɗin kabad.

Ni ne naka,
Akawu, Boɗinga.